Igiyar Baba Luka

Mahaifina Luka magini ne, amma in ka tambayi Kiristocin Bungudu wane ne Baba Luka, ba wanda zai ce maka magini. Cewa za su yi, ai mai igiyar nan ne. Shekara talatin da ɗoriya, duk kabarin da aka haƙa a maƙabartar ikkilisiyarmu shi ya auna shi. Ba fasto ne ya ɗora masa aikin ba, ba dattawa ba. Shi ya ɗora wa kansa, ya kuma riƙe shi da irin taurin kan da duk wanda ya zauna gida ɗaya da shi ya sani.

Ni ce Godiya, 'yarsa tilo da ta rayu. Ina koyarwa a wata firamare a Gusau. An ce na gaji bakin mahaifiyata, Mama Rifkatu, don haka in an ji ina yi masa tsiya kada a ɗauka raini ne. A gabansa ma haka muke yi masa, ni da ita, yana ji yana cin tuwonsa.

Daga kudancin Kaduna ya zo Gusau yana saurayi, a bayan motar kaya, da cokalin gini da riga biyu. Ya yi aikin gina azuzuwa da ɗakunan ajiyar hatsi, aka kai shi Tsafe, daga baya aka dawo da shi Bungudu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya iya wuce karkatacciyar katanga bai tsaya ya yi tsaki ba. Ko ta gidan wanda bai sani ba ce. Mun sha jin kunya a hanyar kasuwa.

Ga yadda yake aikin nasa. In aka yi rasuwa, washegari tun gari bai gama wayewa ba zai ɗauki turaku biyu da guduma da wata farar igiya da ta koma ruwan ƙasa don tsufa, ya nufi maƙabarta. Mama tana biye da shi, domin ita ce mai riƙe masa bakin igiyar. Zai kafa turke ɗaya, ta tsuguna ta riƙe, shi kuma ya tsaya yana jiran rana. Da zarar gefenta ya leƙo, sai ya ja igiyar ya miƙe ta sak zuwa wurin, ya kafa turke na biyu. Kai a yamma, ƙafafu a gabas. Sai a lokacin matasa za su sa diga.

Dalilinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya tambaya zai ji shi daga farko har ƙarshe, ko yana sauri. Ubangiji Yesu zai komo, in ji shi, kuma daga gabas haskensa zai ɓullo. Ranar da aka busa ƙaho, matattu za su tashi zaune a inda suke. Wanda ƙafafunsa ke gabas, yana tashi sai fuskar Ubangijinsa.

"Muddin ina da rai," haka yake cewa, "ba Kiristan Bungudu da zai tashi ya ba Ubangiji baya."

Ranar da hadari ya rufe gabas kuwa, sai a jira. An taɓa jira har hantsi ya dubi ludayi, masu haƙa suna zaune kan digoginsu suna hamma. Wani daga cikinsu ya ciro waya ya nuna masa cewa tana nuna gabas ko da girgije. Baba ya dube ta sama da ƙasa, ya ce shi ba zai damƙa tashin matattu a hannun abin da cajinsa ke ƙarewa ba.

Mama ce kaɗai ke iya masa. Ita ta lura cewa rana ba wuri ɗaya take fitowa a shekara ba, don haka kaburburan damina sun ɗan karkata arewa, na rani sun ɗan karkata kudu. Ta ajiye maganar sai da muna cin abinci.

"Luka, mutanenka fa ranar nan wasu sai sun ɗan yi waige."

"Waige daban, juya baya daban," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

"To wanda zai tattaro waɗanda ruwa ya cinye da waɗanda wuta ta ƙone, shi ne zai rasa yadda zai yi da wanda ya kwanta a karkace?"

"Shi aikinsa daban, ni nawa daban. Ƙara mini miya."

Shekara talatin suna wannan gardama, kuma shekara talatin tana tashi da asuba ta riƙe masa igiya. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Sai da na girma na san inda abin ya samo asali. Ina da yaya, Asabe, wadda ban tarar ba. Ƙyanda ta ɗauke ta tana wata takwas, lokacin suna zaune a Tsafe. Baba yana can wani ƙauye yana aikin gini, ba waya a lokacin, ya dawo bayan kwana biyu ya tarar an binne ta a gindin dutse. Mutum biyu ne suka yi aikin cikin gaggawa, Mama kuma ba ta cikin hayyacinta. Ya tambaye su ina suka sa kanta, ba wanda ya iya tunawa.

Sau ɗaya tak ya gaya mini wannan, yana gyaran katangar gidana a Gusau, bai dube ni ba.

"Ina ganin yarinyar nan ta farka," ya ce. "Ƙaho na ƙara, kowa na murna, ita kuma tana kallon dutse ita kaɗai. Wata takwas, Godiya. Ko zama ba ta gama iyawa ba. Wa zai juyo da ita?"

Ya ci gaba da shafa siminti. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukana, domin ranar na gane cewa duk kaburburan Bungudu kabarin Asabe yake ta gyarawa.

A shekarun nan da ƙasarmu ta rikice, hanyar Tsafe ta zama sai da addu'a, maganar ƙarshen duniya ta cika bakin mutane. Masu wa'azi suna zuwa Gusau suna ƙirga alamu, wasu har suna so su faɗi shekara. Baba ba ya shiga wannan. Ya ce maigida in ya ba ka gini ya yi tafiya, ba ka zama bakin hanya kana ƙirga motoci, sai dai ka sa ya tarar da katanga a miƙe. Amma shari'ar yana tsoronta, ba ya ɓoyewa. Ya ce shi magini ne, ya san abin da ake rufewa da filasta, kuma ya san akwai ranar da za a ɓamɓare. Mama takan ce masa ai Alƙalin shi ne wanda ya mutu dominsa. Ya ce ya sani, shi ya sa ma yake jin kunya.

Da ya bar aiki sai ya sayi gona a ƙauyen Kekun Waje, kusa da Bungudu, ya gina ɗaki biyu, suka koma can. Maƙwabcin gonarsa shi ne Malam Sama'ila, dogon dattijo mai sanyin magana, manomin gero da dawa, mai 'yan tumakinsa. Sun san juna tun lokacin da katangar masallacin unguwarsu ta zube da damina, aka ɗauko Baba ya tayar da ita. Malam Sama'ila ya nuna masa alƙibla, Baba ya ja igiyarsa, suka dubi juna suka yi dariya, don kusan wurin da shi ma yake ja ne. Tun daga ranar suka zama abokai. Suna zama a inuwa su yi ta maganar ranar hisabi, kowa da yadda aka koya masa, ba wanda ya taɓa ja da wani har ran ya ɓaci. Malam Sama'ila yakan ce su ma suna jiran Annabi Isa. Baba ya ce to madalla, in ya zo sai ya raba musu gardama.

Malam Sama'ila ya ji maganar gabas daga bakin Baba ya fi sau ɗari. Sai dai bai taɓa zuwa bakin kabarinmu ba. In an yi mana rasuwa gida yake zuwa ya yi gaisuwa ya koma. Ku riƙe wannan.

A bakin gonarmu akwai wata tsohuwar ɗorawa. Mama mai daddawa ce, kuma daddawarta har Gusau ake aikowa a saya. A gindin itacen nan take zama ita da Inna Sa'adatu, matar Malam Sama'ila, suna gyaran kalwa suna hira. Ta sha faɗa, a gabanmu da gabansu, cewa in ta mutu kada a kai ta ko'ina, a kwantar da ita nan. Baba ya yarda, ya ce zai auna mata wuri mai kyau. Ta ce ta sani, ai ba za ta tsira daga igiyar ba.

Ciwon suga ne ya cinye ta a hankali. Ta rasu a asibiti a Gusau ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazara, shekara uku ke nan. Musulmi suna tsakiyar azumi, zafin kuma irin wanda ko inuwa ba ta da daɗi. Na kira Inna Sa'adatu na gaya mata, na ji ta saki salati, wayar ta katse. Muka sa jana'iza ranar Asabar don dangi su iso daga kudancin Kaduna. Shirin Baba shi ne mu je Kekun Waje ranar Alhamis, ya auna da fitowar rana ranar Juma'a, matasan ikkilisiya su haƙa.

Bai yi kuka ba a asibiti. Igiyar kawai ya ciro daga aljihu yana naɗewa yana warwarewa. Abin da ya rage masa ya yi mata ke nan, kuma na san ya ƙudura zai yi shi yadda bai taɓa yi wa kowa ba.

Mun isa ranar Alhamis wajen azahar. Tun daga nesa na hango jar ƙasa tsibi a gindin ɗorawa, da maza kamar goma zaune a inuwa, ƙura ta rufe su har gira. Malam Sama'ila ya taso ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce:

"Luka, mun hutasshe ka. Tun da munka sallame asuba muke nan. Ƙasar akwai marmara, diga biyu ta karye, amma Allah ya ba mu sa'a."

A wurinsu haka ake yi. In maƙwabci ya rasu ba a jira a roƙe ka, kowa ya ɗauki abin haƙarsa ya fita. Sun tuna cewa mu da akwati muke binnewa, suka faɗaɗa ramin. Tsawon kuwa Inna Sa'adatu ce ta nuna musu da karan dawa, daidai inda kan Mama ke kaiwa a jikin ƙofarta.

Muka matsa bakin ramin. Ni da ban taɓa auna kabari ba, kallo ɗaya na yi na gane an samu matsala. Kabarin daga kudu zuwa arewa ya miƙe.

Su Musulmi a kan gefen dama suke kwantar da mamaci, kai a kudu, fuska tana duban gabas. Mu kuwa a rigingine muke kwantarwa cikin akwati. A ramin nan, ranar da Mama za ta tashi zaune, arewa za ta kalla.

"Na sha ji kana faɗin gabas," in ji Malam Sama'ila. "Ni da kaina na tsaya anka daidaita. Ko kaɗan fuskarta ba za ta kauce ba."

Yana maganar leɓunansa sun bushe sun yi fari. Na dubi hannunsa, tafin ya yi kanta ya fashe, an ɗaure da tsumma. Mutum mai shekara saba'in, da azumi a bakinsa, a wannan rana. Na dubi Baba. Hannunsa yana cikin aljihu, na san abin da yake riƙe da shi.

Ya zaro hannun ba komai a ciki. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Sannunku da aiki. Allah ya saka." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu godiya. Suka watse don sallah.

Da la'asar wani dattijon ikkilisiyarmu ya iso da matasan da za su yi haƙa. Ya ga ramin, ya gane, ya ja mu gefe. Ya ce abu mai sauƙi ne. Gobe a mayar da ƙasa, a haƙa sabo a gicciye, in mutanen gari sun tambaya a ce saiwar ɗorawa ce ta hana akwati zama. Ba wanda zai ji haushi.

Wallahi ni ma na goyi bayansa. Na ce, "Baba, shekara talatin kana yi wa 'ya'yan wasu, sai a kan Mama za a yi kuskure?"

"Ƙarya za mu yi wa Sama'ila ke nan," ya ce.

"Ƙaramar ƙarya ce."

"A bakin kabarin uwarki." Ya girgiza kai. "In kuma na faɗa masa gaskiya, na gaya masa wahalar da suka sha ta banza ce. Ku bar ni zuwa safe."

Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba ranar, duk da kunu da ƙosan da Inna Sa'adatu ta aiko bayan shan ruwa.

Da gari ya fara haske ranar Juma'a na ji motsinsa, na fito na tarar da shi da turakunsa da guduma. Ya dube ni, ya dubi bakin igiyar da ba mai riƙewa. Ban jira ya roƙa ba. Muka tafi gindin ɗorawa, ya kafa turke a yammacin ramin, na tsuguna na riƙe kamar yadda na ga Mama tana yi. Rana ta leƙo ta bayan gonar Malam Sama'ila. Ya ja igiyar, ta ratsa kabarin ta tsakiya, ya tsaya riƙe da turke na biyu bai kafa ba.

Hasken ya sauka cikin ramin. Sai na ga Baba ya saki igiyar ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya leƙa ciki. Ya miƙa hannu ya shafa bangon. Magini ne, ba ya iya ganin aiki bai duba ba. Bangon a miƙe yake sak, kusurwa huɗu daidai. Sun yayyafa ruwa sun shafe shi da tafin hannu don kada ƙasa ta zubo wa akwati, ga shatin yatsunsu nan layi layi. Masu azumi ne suka ɗauko ruwan nan daga rijiya, suka zuba wa ƙasa.

"Aikin nan ya yi kyau," ya ce. Sai ya fashe da kukan da bai yi a asibiti ba, yana durƙushe, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi ya yi.

Da ya natsu ya zauna kan tsibin ƙasar ya share fuska da hularsa.

"Godiya, wa ya kira mutanen nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba addininsu ba, ba danginsu ba. Ba su ma san yadda muke yi ba. Suka ji tana buƙatar wurin kwanciya, suka taso suka zo inda take." Ya sake duban ramin. "To in Sama'ila zai yi haka, Ubangijina ne zai tsaya can gabas yana jira sai an juyo? Ni na mai da shi kamar wani mai duba aiki da ke tsaye bakin ƙofa. Ba zai tsaya ba. Zagayowa zai yi ya same ta."

Ya ɗauki igiyar ya fara naɗewa a hannu.

"Asabe ma," ya ce a hankali. "Zai zagaya bayan dutsen ya ɗauke ta."

Ya miƙe ya cire turken da ya kafa. Muna komawa gida ya ce, "Uwarki ta ci gardamar. Kuma don mugunta sai da ta bari ba ta nan, yadda ba zan iya ramawa ba."

Ranar Asabar muka kwantar da ita a kabarin kamar yadda yake. Matan zumunta suka yi waƙa, fasto ya yi wa'azi a kan begen tashin matattu. Malam Sama'ila da mutanensa suna tsaye can gefen gona har aka gama. Baba ya hana kowa ya faɗa musu komai, ya ce duk wanda ya faɗa shi da shi ne.

Bayan nan bai daina aunawa a maƙabartar Bungudu ba, don ya ce al'ada ce mai kyau, tana tuna wa masu rai inda za su sa ido. Amma ya daina tsayar da mutane. Ranar da aka yi hadari da kansa ya ce a kawo wayar nan a duba, in dai da caji. Ya kuma daina maganar filasta. In aka tayar da zancen ranar shari'a sai ya ce har yanzu yana jin kunya, sai dai yanzu yana ɗokin ganin fuskar Alƙalin.

Bara da kaka na je gaishe shi, ya ce in zo in riƙe masa igiya. Da rana tsaka ne, na ce wace irin aunawa ce ba fitowar rana. Ya ce in yi shiru in bi shi. A gindin ɗorawa ya auna taku biyu daga kabarin Mama, ya kafa turke a kudu, ya ja igiyar zuwa arewa, daidai da nata kamar layin bulo. Ya buga turakun sosai har suka kusa nutsewa, ya bar igiyar a ɗaure.

"Baba, kai ma arewa za ka kalla?"

"Shekara talatin tana bina inda na ja. Sau ɗaya dai in bi ta." Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita masa har sau biyu don kada in ƙara nawa.

Ya rasu bayan wata huɗu, a ɗakinsa, da safe, bayan ya sha koko. Ba jinya, ba wahala. Na iso daga Gusau na tarar gidan ya cika. Ashe a wurin zaman makoki wani mai dogon baki daga cikin mutanenmu ya saki zancen kabarin Mama, har ya kai kunnen Malam Sama'ila.

Ya same ni a bayan ɗaki. Ban taɓa ganin dattijon nan a irin wannan hali ba. Ya tsufa a yini ɗaya.

"Ɗiyata, gaskiya ne abin da anka gaya mini? Mun juya ta ba daidai ba?"

Na ce gaskiya ne.

"Kusan shekara uku muna zama inuwa ɗaya, bai taɓa faɗa mini ba." Ya sunkuyar da kai. "Abin da ya fi so duk duniya, ni na ɓata mashi shi. To wannan karon ki nuna muna yadda yake so. Ko kwana za mu yi muna jiran rana, sai mun yi mashi daidai."

Na ce ya biyo ni. Muka je gindin ɗorawa, na nuna masa turakun da igiyar, iska da rana sun ci ta amma tana nan a miƙe, kudu zuwa arewa, gefe da gefe da kabarin da ya haƙa. Ya tsaya yana kallo.

"Ya bar maka saƙo, Baba Sama'ila. Ya ce ka haƙa masa kamar yadda ka haƙa mata, don bai taɓa ganin kabarin da ya kai wancan kyau ba. Ya ce kada ka damu da inda zai kalla. Mai zuwa ya san hanyar Kekun Waje, kuma Rifkatu ce kullum ke riga shi tashi, za ta taɓa shi."

Malam Sama'ila ya tsuguna ya kama igiyar da yatsu biyu. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. Can ya miƙe, ya cire babbar rigarsa ya rataya a reshen ɗorawa, ya ce a miƙo masa diga. Matasa suka taso za su karɓa, namu da nasu, ya ɗaga musu hannu.

"Ku dakata," ya ce. "Na farko nawa ne."

Na tsuguna na riƙe masa bakin igiyar don kada ta motsa, ya ɗaga digar ya sara daidai kan layin.